Haƙoran da Zakiyya Ta Ara

A unguwar Wunti ta Bauchi, baƙo ne kaɗai yake cewa Dokta Zakiyya. 'Yan unguwa 'yar A'i mai asuwaki suka sani, kuma haka za su ci gaba da kiranta ko da ta tara digiri cike da kwando. Ita ma abin bai dame ta ba. A gindin tiren asuwakin nan ta yi wayo, a bakin kasuwa tsakanin rumfar teloli da masu faci, tana ɗaure itatuwa da zare tun hannunta bai gama iya ƙulli ba. Ta san ɗacin darbejiya kafin ta san zaƙin alewa.

Uwarta A'i ba ta da allon talla sai bakinta. Ta haura sittin, amma haƙoranta reras, farare tas, babu wanda ya taɓa ko motsi. In mai saye ya tsaya yana jujjuya asuwaki yana raina shi, sai ta wage masa baki ta ce, "Ga shaida nan, ka duba da kyau." Da yake Zakiyya ce 'yar farinta, ba ta taɓa kama sunanta ba. Da tana ƙarama "ke" ce. Da ta gama karatu sai ta koma "Likita," da ɗan gatse a ciki, irin na uwar da ke alfahari amma ba ta so a gane.

Zakiyya tana aiki a sashen haƙori na wani asibiti a cikin gari. Cire haƙori ba ya burge ta. Ta kan ce ko wanzami ya iya wannan. Abin da take so shi ne ceton haƙorin da ya ruɓe har ciwo ya kai saiwa. Sai a huda shi, a zare matacciyar jijiyar da ke ciki, a wanke siririn ramin, a cike, mutum ya tashi da abinsa ya ci gaba da tauna. Wankin nan shi ne rabin aikin, domin in ƙwayar cuta ta saura a ramin, ciwo zai dawo. Ruwan da ake wankin da shi kuwa ɗan'uwan bilic ɗin wanki ne, an dai tsarma shi. Yana kashe cuta, yana narkar da mataccen nama, kuma shekara da shekaru likitoci suna aiki da shi lafiya. Sai dai ba ya da sabo. Ranar da ya zarce ƙarshen saiwa ya shiga nama mai rai, ƙona shi yake yi.

Wannan rana ta zo wa Zakiyya a kan wata mata mai suna Lilian, mai shagon kayan masarufi a Yelwa. Komai an yi shi bisa ƙa'ida, amma saiwar haƙorin Lilian tana da faɗin baki fiye da yadda hoto ya nuna. Matar ta ƙanƙame hannun kujera, kafin a ce me, kumatunta ya haye har ido ya rufe. An yi mata abin da ya kamata, ta kuma warke, amma sai da ta yi makonni tana zaman shago da mayafi a rabin fuska. Ba ta yi rigima ba. Abin da ta ce kawai, da irin Hausarta ta kasuwa, shi ne, "Likita, babu wani ruwa ne sai wannan? Ko yaro na ba na bari ya taɓa bilic." Zakiyya ta ji kunya, ta ji tausayi, ta kuma ji haushin cewa ita ma ba ta san wani ruwan ba.

Zancen duniya ba ya ɓuya, balle a Bauchi inda mai keke-napep ɗaya zai kai labari daga Yelwa zuwa Wunti kafin shayi ya huce. Nan da nan aka ce a asibiti bilic ake ɗura wa mutane a baki. Masu ciwon haƙori suka koma zuwa da magana ɗaya: a cire kawai. Matasa masu haƙoran da za a iya ceta suna fita da giɓi, Zakiyya tana kallo, ranta yana ɓaci.

Daga nan ta shiga karance-karance. Ta tarar likitoci a wurare da dama sun daɗe suna gwada ruwan tsirrai a wannan aiki, cikinsu har da darbejiya, itacen da ta tashi tana ɗaurewa. Ta ƙudura za ta gwada tata, ta nan gida, tare da bagaruwa, ta ga ko za su yi wankin ba tare da ƙuna ba. Ta kai maganar wurin shugaban sashensu, Dokta Adebayo, dattijon da ya kwana biyu a Bauchi, ya iya Hausa sarai amma har gobe bai raba mace da namiji ba.

"Zakiyya, ka zo da magana mai kyau," in ji shi. "Amma ba a gwaji a bakin mutum mai rai. Ka tara haƙoran da aka riga aka cire, da yardar masu shi. Ka sa musu cuta a ɗakin gwaji, ka wanke wasu da bilic, wasu da ganyenka, mu ga wanda ya ci. Kafin nan, ko ɗigo kada ka sa wa kowa."

Ya samo mata aron wuri a wani ɗakin gwaji a Yelwa, da sharaɗin ta gama kafin ɗalibansu su dawo hutu su karɓe teburin. Ya ɗauko wani faranti mai ramuka, kowane rami da 'yar kwalbarsa ta ruwan gishiri, ya ce sai ta cika shi kaf, in ba haka ba sakamakon ba zai karɓu ba. Zakiyya ta yi dariya. A wurin da ake cire haƙori kullum safiya, ina wahalar cika faranti?

Ashe ba ta yi tunani da mutanenta ba. Na farkon da ta roƙa shi ne Malam Sabitu, wani dattijo mai karantar da manya a zaurensa. An cire masa haƙori, auduga na bakinsa, ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya zaro hankici daga aljihu ya shimfiɗa a tafin hannunsa.

"'Yata, Allah ya yi miki albarka," ya ce da gefen baki. "Amma wannan ba nawa ba ne balle in bayar. Aro aka ba ni. Abin da ya rabu da jikin ɗan Adam ƙasa ake mayar wa. Idan kin gama da shi, ina za ki kai?"

"Ƙa'idar asibiti, ƙonawa ake yi, Baba."

Ya karɓi haƙorin ya naɗe a hankicinsa ya sa a aljihu.

Haka abin ya yi ta tafiya. Wannan ta ƙulle nata a gefen zane, wancan ya tura nasa cikin hula. Wasu don binnewa, wasu kuwa don tsoron kada abin jikinsu ya faɗa hannun mugu a yi musu aiki da shi. Zakiyya ta san wannan sarai, domin a gidansu ko farce aka yanke sai an tona rami, gashin tsifa kuwa A'i ba ta taɓa barin iska ta ɗauke shi ba. Karatu ne ya mantar da ita. Hutun ɗalibai ya yi nisa, farantin nan ko layin farko bai cika ba.

Wani abokin aikinta, Kabiru, ya ba ta shawarar da ya ga ita ce mai sauƙi. Ya ce ta daina tambaya. In an cire, a jefa a kwano a rufe, wanda ya tambaya a ce masa ya farfashe. Ta dube shi ta ce, "Don mutane sun daina yarda da mu na fara aikin nan. In na fara shi da sata, me na gyara?" Kabiru ya ɗaga kafaɗa ya ce Allah ya ba da sa'a.

Sai kuma aka juya maganar a gari. Aka ce 'yar A'i tana tara haƙoran mutane a kwalabe, Allah kaɗai ya san me take yi da su. Masu sayen asuwaki suka fara ratse tiren A'i suna tsayawa a na gaba. Ran Juma'a da yamma Zakiyya ta je gaishe ta, ta tarar da ita a tsakar gida tana fere itace, fuska a murtuke.

"Likita, an ce kin zama mayya."

"Inna, ai kin san ƙarya ne."

"Ni na sani. Kasuwa ce ba ta sani ba. Ki bar wa mutane abin jikinsu. Darbejiya tun kaka da kakanni ake saka ta a baki, sai yau ne za a ce sai an gwada ta a kwalba?"

Zakiyya ta buɗe baki za ta amsa, sai hancinta ya riga ta. Ƙamshin kanumfari ne ke fitowa daga bakin uwarta, mai ƙarfi, irin na wanda ya cusa shi a ramin haƙori. Ta lura kuma tun zuwanta A'i da gefe ɗaya take magana. Da ƙyar da lallashi ta yarda ta buɗe baki a hasken waya. Haƙorin da ke bin fiƙa ne, na sama, wanda ake gani in ta yi dariyar tallan nan tata. Ya ruɓe ta tsakaninsa da maƙwabcinsa, inda asuwaki ba ya kaiwa, kuma ciwon ya daɗe.

"Za a iya ceto shi, Inna. Ki zo Litinin in wanke miki saiwar in cike."

"Da bilic ɗin?"

"Da shi. Abin da ya sami matar nan ba kasafai yake faruwa ba. Zan kula."

"To ki wanke min da darbejiyarki. Ni na yarda da ita."

Zakiyya ta kashe hasken wayar. Ruwan darbejiyar yana nan a firjin ɗakin gwaji, ta tace shi da hannunta. Babu wanda zai sani. Amma ita ba ta san ƙarfinsa ba, ba ta san ko zai bar cuta a rufe cikin ƙashin uwarta ba. Goge haƙori daban, wanke cikin saiwa daban. Ta ce, "Ba zan sa miki abin da ban tabbatar ba, Inna. Ko ke ce, ko wani."

"To ni ma ba za a sa min bilic ba."

Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Suka rabu ranar kowa na jin ita ce mai gaskiya, kuma duk wanda ya san su ya san babu mai lanƙwasuwa, domin taurin kan Zakiyya ba daga ƙasa ta tsince shi ba. Ta yi ta zarya tana kai maganin rage zafi, tana roƙo. A'i tana karɓar maganin, tana mayar da roƙon.

A cikin keke, a hanyar komawa Yelwa, maganar Malam Sabitu ta dawo mata. Bai ce ba zai bayar ba don rowa. Tambaya ya yi: in kin gama, ina za ki kai? Kuma shi da bakinsa ya ce aro aka ba shi. To abin da aka ara wa mutum, ai shi ma zai iya ara wa wani, muddin za a dawo da shi inda ya kamata.

Washegari ta tsaya a gaban Dokta Adebayo ta ce tana so a canza ƙa'ida. Duk haƙorin da ta karɓa, in an gama, za a dafa shi a tukunyar tururi da ake tsabtace kayan aiki har ya zama babu sauran cuta, a naɗe a farin ƙyalle, a binne. Mai so ya karɓi nasa, mai so ya zo ya ga an binne. Dattijon ya cire tabarau ya ce asibiti ba ma'aikatar jana'iza ba ce. Ta ce ita ma ta sani, amma farantin ba zai cika da ƙa'ida ba. Ya tura ta kwamitin da ke ba da izinin bincike, kwamiti ya ce ta dawo, ta dawo, aka ce ta sake rubutu, ta sake. Sai da suka gaji da ganin fuskarta a bakin ofis suka sa hannu.

Da izinin a hannu ta tafi zauren Malam Sabitu, ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce za a yanke kan haƙorin, za a huda shi, wani ma za a tsaga shi biyu, amma ko ɓarɓashinsa ba za a zubar ba. Malam ya ɗan ja carbinsa. Can ya ce in haka ne bai ga laifi ba, tunda don amfanin bayin Allah ne, kuma shi zai tsaya a wurin binnewar. Nasa haƙorin dai ya riga ya shiga ƙasa. Ya faɗa wa ɗalibansa, aka ɗan samu ƙari, amma mata, waɗanda su ne suka fi cika bencin asibiti, suka ce sun ji. Jin kuwa bai sa ko ɗaya ta kwance gefen zanenta ba.

Ana cikin haka, wata safiya Zakiyya ta leƙo ɗakin jira ta ga uwarta zaune a tsakiyar benci, kumatu a kumbure, mata sun kewaye ta suna yi mata sannu. Haƙorin ya tsage da daddare a kan ƙwayar gyaɗa, tsagin ya gangara har saiwa. Zakiyya ta duba hoton ta san babu sauran ceto. Ta ce ba za ta cire wa uwarta haƙori da hannunta ba, don haka Dokta Adebayo ne ya cire. Ita tana tsaye a gefe riƙe da kwano, tana kallon bakin da ya ciyar da ita yana yin giɓinsa na farko. Baƙin ciki ya cika ta, domin da ta yi ƙarya ɗaya ta wanke da bilic ta ce darbejiya ce, ko da ta fi haka iya lallashi, wataƙila da haƙorin yana nan.

Ta yago auduga za ta naɗe shi ta ba uwarta, don ba ta da fuskar roƙo. A'i ta girgiza kai, ta yi nuni da faranti. Aka miƙo mata kwalba, ta ƙi karɓa a nan. Ta tashi, auduga a baki, ta buɗe ƙofa ta fita ɗakin jira, Zakiyya na biye da ita. A gaban matan nan ta ɗauki haƙorin da yatsu biyu ta ɗaga.

"Kun san ni, kun san bakina," ta ce, maganar na fita da ƙyar. "Da a ce yarinyar nan maƙaryaciya ce, da ta zuba min ruwan ganye ta ce magani ne, na yi ta roƙonta. Ta ƙi. Wadda ta ƙi yi wa uwarta ƙarya ba za ta ci amanar haƙorinku ba. Ga nawa, aro na ba ta."

Ta saka shi a kwalbar da kanta. Zakiyya ta san tsagaggen haƙori ba zai shiga gwaji ba, kuma ba ta iya yin shiru ba, ta sunkuya ta faɗa mata a kunne. A'i ta harare ta ta ce, "Ajiye shi tare da sauran. Ya yi musu gadi."

Ranar, mata uku suka bar nasu. Daga nan labarin ya bi hanyar da na farko ya bi, a bakin masu keke da 'yan kasuwa. Lilian ma ta rako ƙanwarta, ta tsaya a kanta sai da ta yarda. Farantin ya cika ana saura kaɗan ɗalibai su dawo, Zakiyya ta tare a ɗakin gwaji, daga asibiti sai can, har mai gidanta ya fara tsokanarta cewa ko tuwonta ya koma ɗacin darbejiya.

Sakamakon bai zo yadda masu son labari mai daɗi za su so ba. A 'yan haƙoran da ta gwada, darbejiya ta kashe ƙwayoyin cuta da yawa, ta fi bagaruwa nesa, har Dokta Adebayo ya sake duba sakamakon da idonsa. Amma ba ta narkar da mataccen nama ba, shi kuwa bilic ya narkar. Ma'ana, ba za ta karɓi aikin ita kaɗai ba tukuna. Sai an nemo abin da za a haɗa ta da shi, a sake gwaji, a sake tara haƙora. Zakiyya ta rubuta haka ba ƙari ba ragi.

An yi binnewar da hantsi a Tirwun, a 'yar gonar da mahaifinta ya bari, can gefen da gine-gine ba su kai ba. Malam Sabitu ya zo, da 'yan mutane kaɗan da suka ce sai sun gani da idonsu. Aka tona rami a gindin darbejiyar da A'i ke saran asuwakinta, aka jera 'yan ƙullin fararen ƙyalle, aka mayar da ƙasa, Malam ya yi addu'a. A'i tana tsaye da gefen mayafi a bakinta. Tun da aka yi mata giɓin nan ta daina dariyar talla, in mai saye ya raina asuwaki sai dai ta ce ya ajiye.

Da mutane suka watse ta matso kusa da 'yarta.

"Likita, na ji an ce ganyen bai ci jarrabawa ba."

"Ya ci rabi, Inna."

"Rabin da ya rage fa?"

"Sai an sake. Ban san ko yaushe za a gama ba."

A'i ta sauke mayafin daga bakinta. Ta sa yatsa ta taɓa haƙorin da ke maƙwabtaka da giɓin.

"Wannan ya fara tsami in na sha ruwan sanyi," ta ce. "Gobe zan zo ki duba tun da wuri. In cikewa ce, ki cike. In ya kai ga wanki, ki wanke da abin da kika tabbatar, ko bilic ɗin ne, na yarda da hannunki. Amma jikokina, da darbejiya nake so a wanke musu."

Zakiyya ta ce Allah ya kai mu. Ta kwance buhun da ta zo da shi don ɗibar ganyen sabon gwaji, ta janyo reshen da ya fi kusa. A'i ta ture hannunta ta ce wannan ganyen ya tsufa, ta nuna mata na sama, masu ɗanyen kore. Zakiyya ta tuɓe takalmi ta taka kututture, uwarta ta riƙe mata bakin buhun.